Regiletar nutso don ruwan laka: MK25, Apeks ko Cressi?

Mai Famfo Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan nutso, musamman regileta, wadda ake ɗaura wa tukunyar iska a riƙa shaƙa a ƙarƙashin ruwa.

Ni mazaunin Samaru ne a Zariya. Sana'ata haɗa injinan ban ruwa da gyaransu, kuma yawancin masu ba ni aiki manoman rani ne na bakin Galma, masu tumatir da albasa da rake, sai wasu masu kiwon kifi ta wajen Shika. Nutso a Hurgada, bakin Bahar Maliya, na koye shi lokacin da nake karatu a Masar, ina da shaidar matakin farko ta PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, wadda iyakarta mita 18. A can hayar kaya muke yi, abin da aka miƙo maka shi za ka sa a baki, shi ya sa ban taɓa zama na bambance wannan da wancan ba.

Abin da ke sa ni shiga ruwa yanzu aiki ne. Bakin bututu ya toshe da ciyawa da leda a ƙasa, ko inji ya zame daga gaɓa ya nutse, ko ragar kejin kifi ta yage. Zurfin bai cika wuce mita 8 ba, sau da yawa ma 3 ne zuwa 5. Amma duk wanda ya san launin Galma da Kubanni a watan Agusta ya san irin ruwan da nake nufi: ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka, da ka taɓa ƙasa laka ta tashi ta rufe ka. Ba na shiga ni kaɗai. Ina da abokin aiki da ya koyi nutso a Legas, shi ke da kwamfaresar cika tukunya, kuma regiletarsa ta ajiya nake ara. Ina ganin lokaci ya yi da zan mallaki tawa.

Mijin ƙanwata zai zo daga Ingila, ya ce in faɗi wadda nake so ya taho da ita. Uku ne a raina. Ta farko Scubapro MK25 da S600, ita malaminmu na Hurgada yake amfani da ita, kuma na taɓa shaƙarta, iskar kamar ma ba ka ja ba take zuwa. Ta biyu Apeks XTX50, wadda abokin aikina yake ta yabo. Ta uku Cressi AC2, ita ce mafi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, har zan iya ƙara rigar nutso da ragowar. Tukunyata ta alminiyom ce mai lita 11, ta hannu na saya, bawul ɗinta irin na matsewa ne da ake kira yok.

Zuciyata tana kan MK25, ba zan ɓoye ba. Amma kuɗin gumi ne, kuma numfashina ne zai rataya a kanta. Wacce ta dace da irin ruwanmu? Kuma in ta buƙaci sabis, wa zai yi mini a nan arewa?

Injiniya Ɗan Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma ɗan Zariya ne, aiki ya ajiye ni a Fatakwal, kuma na daɗe ina nutso a ruwan ƙoramun nan da laka ta fi ta Galma kauri. Kafin mu zo kan suna, bari mu buɗe cikin abin, don nan amsarka take.

Regileta kashi biyu ce. Akwai ta kan tukunya, ita ke karɓar iska mai matsin ba 200 (ba, wato "bar", ma'aunin matsi ne) ko sama da haka ta sauke shi zuwa wajen ba 9 ko 10 a kan matsin ruwan da kake ciki. Sai ta baki, wadda ke ƙara sauke shi daidai da abin da huhunka zai ɗauka. Ka lura da wannan magana ta "a kan matsin ruwan da kake ciki". Dole ta kan tukunya ta san zurfin da kake, domin kowane mita 10 yana ƙara ba ɗaya. Yadda kowace ƙira take jin wannan matsi shi ne ya raba su gida biyu.

MK25 mai fistin ce. A jikinta akwai ramuka da ruwa ke shiga ya cika ɗakin da sifirin yake, ya danna fistin kai tsaye. A Bahar Maliya wannan ba matsala ba ce, ruwa garau ne, ka fito ka ɗauraye shi ke nan. Kuma gaskiya wajen yawan iskar da take turowa kaɗan ne ke kamo ta, shi ya sa ka ji ta haka. To amma a Galma abin da zai shiga ɗakin nan laka ce da rairayi. Fistin yana kai da komo duk numfashi, zoben robarsa yana gogar bango, ga ƙwayar rairayi a tsakani. Sannu a hankali bangon ya karce, kuma bangon da ya karce sabon zobe ba ya warkar da shi. Ɗauraya ba ta fitar da duka, musamman in lakar ta bushe a ciki.

Apeks kuwa mai faifan roba ce, abin da ake kira dayafiram. Ruwa ba ya kaiwa ga bawul ɗin ciki, faifan ne ke jin matsin ya isar da shi. A kan wannan kuma sun ƙara wani faifai na waje da ya rufe ɗakin sifirin ɗin ruf, da ɗan sanda a tsakani mai miƙa matsin, ba mai ba giris a ciki. Asalin kamfanin na Blackburn ne a Ingila, kuma don ruwan sanyi suka yi wannan rufi, saboda iska in ta faɗaɗa tana sanyaya ƙarfe har ruwan da ke ɗakin ya daskare, regileta ta kama zubar da iska ba tsayawa. Ma'aunin Turai na EN 250 yana kiran ruwan da ya gaza digiri 10 ruwan sanyi. Namu ko a tsakiyar hunturu ba ya zuwa kusa da nan, don haka daskarewa ba damuwarka ba ce. Amma rufin da ya hana ƙanƙara shi ne dai yake hana laka, kuma wannan ne kake buƙata.

In sunan Scubapro ne ya kama ka, ai suna da MK17 da MK19, dukansu masu faifai ne a rufe, kuma S600 ɗin da kake so, da yake ta baki ce, tana hawa kansu. Ba kamfanin nake ƙi ba, MK25 ce ba a yi ta don aikinka ba. Atomic na Amurka suna cika ɗakin fistin da giris na musamman su rufe, yana aiki, sai dai duk sabis sai an sake cikawa kuma giris ɗin da tsada. Sherwood kuma wata dabara suka yi, iska kaɗan tana fita kullum ta hana ruwa shiga, za ka ga ƙananan kumfa suna tashi ka zaci yoyo ne.

Shawarata: XTX50 a baki, da DST ko DS4, su ma na Apeks, a kan tukunya. DS4 ba ta da kan da ke juyawa, ramin geji ɗaya ne, na tiyo huɗu, kuma ya ishe ka. Ka sa a haɗo da ta baki ta biyu ta ko-ta-kwana da gejin tukunya.

Sai maganar yok. Ka nemi DIN. Ita murɗa ta ake yi cikin bawul, zoben robar yana kulle a ciki, ba ya fita. Yok kuwa zoben a fili yake a fuskar bawul, kuma tana da ƙaton marfin murɗi a bayan wuya wanda ke kama raga da igiya. Mutumin da ke aiki cikin kejin kifi a duhu ba ya son abin da zai maƙale a inda hannunsa ba ya kaiwa. Duba tsakiyar bawul ɗinka, in ka ga rami mai kusurwa shida, to ɗan ƙarfen murɗi ne aka sa, ana kwance shi da makulli ya koma DIN. In babu, a sayo maka ɗan mahaɗin da ke mai da DIN ta hau yok, kafin ka canza bawul.

Baba Tsohon Sojan Ruwa, Sabon Gari, ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Injiniya ya yi bayani mai kyau kuma ban ga kuskure a ciki ba. Amma ya amsa tambayarka ta farko ya tsallake ta biyu, ni kuwa ta biyun ce ta fi damuna.

Wa zai buɗe maka Apeks a Zariya? Ko a Kaduna, ko a Kano? Manyan kamfanonin nan ba su cika sayar da kayan sabis ga kowa ba, sai ga dilolinsu da waɗanda suka horar. Regileta mai faifai tana da ƙananan abubuwa da yawa a ciki, tana son makullai nata, tana son a ɗaure faifan da ƙarfin da aka ƙayyade. Ranar da ta fara ciwo za ka naɗe ta ka aika Legas ko ma waje, ka zauna jira, manomi kuma tumatirinsa ba ya jira.

A zurfin mita 5 zuwa 8, me za ka yi da iskar da aka tanada don mita 50? Ni da za a bi tawa, Scubapro MK2 ko Aqua Lung Calypso ko wannan Cressi AC2 da ka ambata. Dukansu ƙira ɗaya ce, fistin marar daidaito, abu ɗaya ne tak ke motsi a ciki. MK2 tun shekarun 1960 ake yin ta, kuma irin waɗannan ne makarantun nutso suke bayarwa haya, domin suna shan wuya ba sa gajiya. Wataƙila ma su ka riƙa shaƙa a Masar ba ka sani ba. Kamar Fijo 504 suke, duk bakaniken da ya nutsu zai gane cikinsu. Kai da kake kwance injin ban ruwa ka mayar, in aka koya maka yadda ya kamata, wannan ba zai gagare ka ba.

Aibinta guda, kuma ni ban ɗauke shi aibi ba: in tukunya ta kusa ƙarewa numfashi yana ɗan yin nauyi. A ruwan da ba ka iya karanta geji, wannan nauyin gargaɗi ne. Mai daidaito irin MK25 da Apeks za ta ba ka iska lafiya lau har kusan numfashin ƙarshe.

Na yarda laka za ta shiga ɗakin sifirinta. Amma kada a manta ta baki, ko ta wane kamfani ce, a cikin lakar take tsundum. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta maƙale a robar da ke fitar da numfashi, sai ka fara jan ruwa tare da iska. Rufin kan tukunya ba ya maganin wannan. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana. Ka sayi mai sauƙi guda biyu da kuɗin mai tsada ɗaya, in ɗaya ta tafi gyara kana da ɗaya.

Abu ɗaya da zan hana ka: kada wani ya yaudare ka da Poseidon ta hannu. Kaya ne masu kyau na Suwidin, sojoji da yawa suna amfani da su, amma ƙirarsu daban ce da ta kowa, kuma wanda bai koye su ba ɓata su zai yi.

Anti Likita Hanwa ta amsa:

Malam Mai Famfo, sannu da ƙoƙari. Ni na koyi nutso a Jidda, Mares nake da ita, kuma ba zan shiga tsakanin Baba da Injiniya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwamfaresar nan da ka ambata a layi ɗaya ka wuce.

Regileta ba ta tace iska. Abin da ke cikin tukunya shi za ta kai maka huhu. Ka tabbata kwamfaresar ta iskar numfashi ce, irin su Bauer, ba ta mai faci ko ta fenti ba, kuma ana canza matatarta a kan lokaci, domin zafi irin namu na Maris da Afrilu yana saurin cinye ta. In da janareta ko injin fetur ake juya ta, bakin da ke zuƙar iska ya yi nisa da salansa, kuma ya kasance ta inda iska ke busowa. Gubar hayaƙin ba ta da wari, kuma a mita 10 abin da kake shaƙa a kowane numfashi ya ninka. Ciwon kai bayan nutso, ko jin ɗanɗanon mai a baki, dalili ne na a zubar da iskar tukunyar a bincika. Kuma don Allah kada wani ya ce a cika maka da iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda. Zallarta tana iya jawo farfaɗiya da an wuce mita 6, ga haɗarin gobara in ta haɗu da maiƙo a cikin regileta.

Na biyu, Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku. Teburin lissafin zurfi da lokacin nutso da ka koya a Hurgada na bakin teku ne, kuma duk nutson da ya haura mita 300 lissafinsa daban ne. A zurfinka abin bai tsananta ba, amma ranar da aka kira ka Tiga ko Shiroro ka tuna, ka saita kwamfutar nutso ta hannunka a kan tudu da ruwan daɗi. Hawa da sauka sau da yawa a yini ɗaya ma yana wahalar da kunne da jiki ko da ruwan ba zurfi.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro a aikinka: kada ka kusanci bakin bututu inji yana aiki, ko kusa da ƙofar dam. Jan ruwan yana manne mutum ya kasa ɓanɓaruwa, kuma a laka ba ka ganinsa sai ya kama ka. A kashe inji, makullin ya zauna a hannun wanda ke riƙe da igiyarka a sama.

Ka kuma riƙa gwajin tsargiya lokaci-lokaci, ruwan fadama gidanta ne.

Mai Famfo Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kwamfaresar Bauer ce ƙarama mai injin fetur, na je na duba, mun ƙara wa bakin zuƙar tsawon tiyo mun ɗaga shi sama. Maganar kashe inji dokarmu ce tun farko, amma ta riƙe makulli sabuwa ce gare ni kuma mun ɗauka.

MK25 na cire ta daga lissafi. Na ɗauki regiletar da nake ara, wadda ita ma mai fistin ce, na haska tocila cikin ramukanta, na ga busasshiyar laka ja a kan sifirin duk da cewa muna wanke ta kowane lokaci. Wannan ya ishe ni hujja.

Baba, maganarka ta shige ni, musamman ta guda biyu. Amma ga inda na tsaya. Ni da ke gyaran famfo na san abin da ya fi kashe inji a bakin Galma rairayi ne, kuma abin da bai shiga ba ba sai an fitar da shi ba. In na ɗauki mai buɗaɗɗen ɗaki, zan riƙa buɗe ta a kai a kai, kuma har yanzu ba wanda ya koya mini. Ta baki kuwa marfinta ana kwance shi da hannu a wanke a mayar, wannan zan iya. Don haka na fi karkata ga DS4 da XTX50 a matsayin ta aiki, in Allah ya hore daga baya in ƙara AC2 ta ajiya kamar yadda ka ce. Bawul ɗina ya zama yana da ramin nan mai kusurwa shida, don haka DIN ɗin ta samu.

Saura sabis. Injiniya, ta yaya zan gane tana buƙatar a duba ta kafin ta ba ni matsala a ƙasa?

Injiniya Ɗan Tudun Wada ya ƙara da cewa:

Baba ya yi gaskiya a kan gyara, kuma ina girmama hakan. Ga abin da zai rage maka wannan damuwa.

Ka sa surukinka ya haɗo da ɗan ƙaramin geji na auna matsin tsakiya, wato wanda ta kan tukunya ke turowa, ana maƙala shi a bakin tiyon hura rigar da ke ɗaga mai nutso a ruwa. Ba shi da tsada. Ranar da kayan suka iso, ka ɗaura a cikakkiyar tukunya, ka buɗe bawul a hankali, ka rubuta inda allurar ta tsaya, zai kasance wajen ba 9 zuwa 10. Ka danna maɓallin fesa iska ka saki, allurar ta faɗi kaɗan ta dawo wurinta ta tsaya cak. Ka riƙa yin wannan kafin kowane aiki. Ranar da ka ga ta dawo amma tana ci gaba da rarrafawa sama, mazaunin bawul ɗin ciki ya fara ci, kada ka shiga ruwa da ita. Ka kuma duba faifan waje: in akwai matsi ya kamata ya miƙe ya yi tauri, in babu ya ɗan lotsa ciki. Ko ba ta nuna komai ba, ka bi wa'adin da ke cikin littafinta. Yawancin kamfanoni shekara ɗaya zuwa biyu suke cewa, Scubapro misali shekara biyu ko nutso 100, kuma mai aiki a laka ya kamata ya riga wa'adin. Ka tsara aika ta sabis a tsakiyar damina, lokacin da injinan ban ruwa suke hutu.

Wajen wanki, ya fi kyau ka jiƙa ta tana ɗaure a tukunya da matsi a ciki. In ka cire ta, ka busar da marfin ƙura ka rufe sosai, kada ka tsoma ta kan tukunyar cikin ruwa, kuma kada ka danna maɓallin fesawa a cikin bokiti, ruwa zai bi tiyo ya koma ciki. Basilin da man inji kada su taɓa zoben roba, giris ɗin silikon kawai. Ka ajiye ta a akwati mai marfi saboda ƙurar hunturu, nesa da rana da janareta da jarkar fetur, kuma kada ka rataye ta tiyo yana lanƙwashe a gindi.

A ƙara maka da zobban roba na DIN, da robar cizo ta baki guda biyu ko uku, da tiyo ɗaya na ajiya. In ya samu shagon da zai sayar masa da kayan sabis na DS4 da XTX50, ya ɗauko, ko ba kai za ka sa su ba, wanda zai yi maka aikin a Legas ko a nan Fatakwal zai fi saurin gamawa in ka aiko da su tare. In zan zo gida da Sallah zan taho da gejina mu gwada regiletar a kan tukunyarka.